Rakodar da Ta Zo daga Libiya

Rakodar nan tawa ce, ba ta Jibrin ba. Bari in fara da wannan, don har yau mutanen unguwarmu a Alsawra in sun tashi ba da labarin sai ka ji suna cewa "rakodar Jibrin". Jibrin a ina ya ga rakoda? Mijina Ibrahimu ne ya aiko mini da ita daga Libiya, a hannun wani direban babbar mota, shekara guda bayan tafiyarsa. Baƙa ce, da mariƙi kamar na jaka, da kaset guda a cikinta. A zamanin haka matafiya ke yi, wanda bai iya rubutu ba sai ya ɗauki muryarsa a kaset ya aiko gida.

Na kunna, sai ga muryar Ibrahimu ta fito a hankali, da nauyi, kamar ta wanda ya gama kuka. "Sittana... ina gaishe ki... ina gaida Jibrin..." Ibrahimun da na sani kuwa mai saurin baki ne, kafin ka gane maganarsa ta farko ya kai ta uku. Na ce wayyo Allah, kewata ce ta karya bawan Allahn nan. Na yi kuka har idona ya kumbura. Daga wannan kaset ɗin ban sake jin ɗuriyarsa ba, ba wasiƙa ba saƙo. Kowace Juma'a nakan kunna in saurara, in goge rakodar da gefen mayafina, in mayar da ita cikin akwati.

Jibrin ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya, ni na goye shi. Babanmu ya ƙare ƙarfinsa a gonakin audugar Jazira kafin mu dawo Omdurman, kuma abin da ya fito da shi daga can bai wuce ciwon baya da gurminsa mai tsirkiya biyu ba. A gaban Baba Jibrin ya koyi kiɗa tun yana ɗan shekara bakwai. Yatsu biyu na hannun hagu Baba ke sa wa a kan tsirkiya, manuni da na tsakiya, yana zamewa da su sama da ƙasa, sauran biyun a lanƙwashe ba ruwansu. Haka Jibrin ya gani, haka ya ɗauka. Da Baba ya rasu muka rataye gurmin a ginshiƙin rumfa.

Da ya girma ya sami aiki a wani gareji a Bahri, tsallaken kogi, inda ake naɗa wayar injin fanka da na famfon ruwa. A can ne wani ma'aikacin jirgin ruwa da ya zo daga Bur Sudan ya sayar masa da tsohuwar jita mai lantarki, ja, fentinta duk ya goge, ya haɗa masa da kaset guda wanda ko rubutu babu a jikinsa. Waƙoƙin Turawa ne guda shida, irin kiɗan da samari ke kira rok. Ba wanda ya san sunan ko ɗaya, sai dai a ce ta ɗaya, ta biyu, ta uku. Ranar ya shigo gida yana washe baki kamar an yi masa aure.

"Yaya, ara mini rakodarki."

"Rakodar wa? Kai, fita idona."

"Don Allah, Yaya. A gabanki zan riƙa kunnawa."

Na ba shi. Wannan aron shi ne ya kai shekara biyar.

Ba malami, ba littafi. Ya kunna kaɗan ya tsayar, ya lalubi wurin a jita, ya cire kaset ɗin ya zura biro ya juya baya da hannu don kada batir ya ƙare, ya sake kunnawa. Wuri guda sai ya maimaita shi sau hamsin. Ni ina gaban murhu ina zuba kisra, wainar dawan nan marar kauri ta mutanen Sudan, kaina kamar zai tsage. Na zage shi, na yi masa Allah ya isa ta wasa da ta gaske, na ce maƙwabta za su kai mu ƙara, duk a banza. Da rakodar yake ɗaura tsirkiyoyin jitar ma, ya ja ko ya sassauta har sautin ya yi daidai da abin da ke fitowa daga cikinta.

Daga baya ya jawo abokansa biyu. Dogo maƙeri, wanda rabin gangunansa shi ya ƙera su da gwangwanayen mai da fatar akuya, da Mainasara tela, mai babbar jita mai gurnani, shi ne kuma mawaƙinsu. Turancin da Mainasara ke rerawa ko Baturen da ya yi waƙar ba zai gane shi ba, amma yana yinsa da zuciya ɗaya, ido a rufe. Litinin da Alhamis, daga la'asar zuwa kiran magariba, suna ƙarƙashin rumfata suna abin da suke kira burofa, wato gwajin kiɗa. Ni ce mai shayi, ni ce mai korar awaki daga kan wayoyi, ni ce mai ba Hajja Bakhita ta bayan katanga haƙuri.

Ta ukun nan ita ce ta fi ba shi wuya. A tsakiyarta akwai wurin da mai waƙa ke yin shiru, jita ta tafi ita kaɗai, ta hau, ta yi kamar za ta faɗo, ta sake hawa. Jibrin ya yi shekara biyu yana bin wurin nan da yatsunsa biyu, yana zamewa irin ta Baba.

To, ga abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba.

Sana'ata ƙunshi ce, ina yi wa amare lalle, kuma hannuna ya kai ni gidaje da yawa. A shekara ta uku da fara wannan hayaniya aka ɗauke ni zuwa wani gidan masu hali a Khartoum. Ina duƙe a kan ƙafar amarya sai ƙannenta suka kunna wani ƙaton inji a falo. Na ɗaga kai. Ta uku ce! Ni da na ji ta sau dubu ai ba za ta ɓace mini ba. Amma wannan gudu take yi, muryar mawaƙin siririya, gangar tana tsalle, 'yan mata suna rawa. Tamu ta gida kuwa tafiya take kamar tsohuwar da ta dawo daga kasuwa. Na ce wa ɗaya daga cikinsu, "Injin naku sauri yake yi ko?" Ta yi dariya ta ce sabo ne fil, jiya aka buɗe kwalinsa.

A cikin bas ɗin dawowa, muna kan gada, abin ya gama faɗo mini. In rakodata jan ƙafa take da waƙa, to jan ƙafa take da komai. Ke nan muryar Ibrahimu ba kewa ce ta yi mata nauyi ba. Ke nan da bakinsa na kullum ya yi maganar, a gurguje, ya gama ya tashi. Shekara uku ina kuka a kan lalataccen inji.

Na shigo gida da niyyar faɗa wa Jibrin, wallahi da niyyar faɗa masa na shigo. Sai na tarar da Jibrin a tsakar gida, gumi ya jiƙa masa riga, yana ganina ya yi tsalle.

"Yaya, zauna! Zauna ki ji! Ta zauna mini!"

Ya kaɗa wurin nan daga farko har ƙarshe ba tuntuɓe ko ɗaya. Dogo ya jefar da sandunansa ya rungume shi. Na buɗe baki na ce, "Madalla." Na shige ɗaki. Na ce gobe zan faɗa. Goben ta zo na ce ai wasa suke yi, wa zai ji su ban da awaki? Gaskiyar ita ce ban so a ce rakodar Ibrahimu tana da aibu ba, don in an faɗa a fili to abin da na gano a kan muryarsa ma ya tabbata. Ranar Juma'a na ciro kaset ɗin Ibrahimu na kunna kamar kullum.

Bayan shekara biyu Mainasara ya zo da labari. Wani kulob a Khartoum yana neman masu kiɗan zamani da za su riƙa yi duk mako. Za a gwada su nan da kwana ashirin, amma sai in suna da mai ogan, wato piyanon nan na lantarki. Jibrin ya kasa cin abinci don murna. Shekara biyar yana cewa wata rana za su fita daga rumfar nan su hau dandamali, a kira sunansa a lasifika, ga shi ta zo. Mainasara ya samo musu wani Hadi, ɗan gidan wani malami a Bahri, wanda ya yi shekara biyu a makarantar kiɗa. Yaro ne mai ladabi, ba zan yi masa ƙarya ba. Ya gaishe ni har ƙasa, ya jona ogan ɗinsa, ya ce su fara da wadda suka fi iyawa.

Dogo ya buga sanda sau huɗu, suka shiga ta uku. Hadi ya ɗora hannu, sai sautin ya yi karo da nasu, abin ba daɗin ji, har akuyata ta miƙe. Ya sake gwadawa. Ya tsaya yana dubansu.

"Ku dakata. Na san waƙar nan. Amma ku a ina kuka ji ta haka?"

Jibrin ya nuna rakodar da ke kan angarib, gadon igiyar da nake zama. Hadi ya kunna ya saurara kaɗan, ya cire kaset ɗin, ya ciro wata 'yar ƙaramar rakoda daga jakarsa ya saka. Ni ina tsaye da butar shayi, na san abin da zai fito tun kafin ya danna.

Waƙar ta fito da gudunta. Da aka zo wurin jitar na dubi Jibrin. Yatsunsa biyu suna motsi a kan gwiwarsa suna son bi, kafin su kai rabi waƙar ta wuce ta bar su.

"Taka ce ke sauri," in ji Dogo.

"Haba ɗan'uwa, ogan ba ya ƙarya," in ji Hadi. "Ga shi, ku ji." Ya danna, sautin ya zauna daram a kan waƙar. "Robar cikin waccan ce ta saki, ƙila tun daga kanti. Ba laifinku ba ne."

Ɗaura tsirkiya ba wuya, Hadi ya ja musu su zuwa inda ya kamata cikin minti biyar. Sai dai tsohuwar jitar ba ta saba da wannan ɗauri ba, wuyanta ya ɗan sunkuyo, tsirkiyoyin suka yi nesa da itacen, sai an danna da ƙarfi kafin su yi magana. Dogo da Mainasara cikin kwana uku sun kama sabon gudun. Jibrin ne ya maƙale. Hadi ya zuba wa hannunsa ido, ya ce, "Ina sauran yatsun naka biyu?"

"Ga su."

"Me ya sa ba ka sa su?"

"Haka na koya."

"Wurin wa?"

Jibrin ya ɗaga kai ya dubi gurmin da ke rataye. Hadi ya bi idonsa da kallo, sannan ya ce a hankali, "Allah ya jiƙansa. Amma wurin nan da yatsu huɗu aka yi shi. A gudun da kuka saba biyu za su kai ka, a wannan ba za su kai ba. In ya gagara, na san wani mai jita a unguwar Mayo, sai ya riƙe maka wurin a ranar kawai."

"Ba wanda zai riƙe mini," in ji Jibrin.

Kwana goma sha bakwai suka rage, kuma abin da yaron nan ya yi wa kansa a cikinsu ko maƙiyi ba zai yi masa ba. Ya yanko robar tayar keke ya ɗaure manuni da na tsakiya wuri guda, wai don dole sauran biyun su koyi aiki. Ya samo guntun katako ya buga ƙusoshi ya ja wayoyi shida, yana dannawa a cikin bas daga Alsawra har Bahri, yana dannawa a lokacin cin abinci. Yatsun da suka yi shekara ashirin suna barci ya ce sai sun yi gudu cikin mako biyu. Kan ɗan ƙaramin ya fashe, na sa masa lalle don fatar ta yi tauri, ya bushe ya sake fashewa. A kwana na tara wuyan hannunsa ya kumbura ya yi sumul.

"Kai mahaukacin ina ne?" na ce masa. "Da hannun nan kake ci! Ka bar na Mayo ya yi mana, duniya za ta tashi ne?"

"Yaya, shekara biyar."

"To sai me? Ka ƙara biyar!"

"Ni na tara su. A rumfar nan. In zauna a ƙasa ina kallon wani yana kaɗa ta uku?"

Na ja shi wurin maɗori, ya murza, ya ɗaure da tsumma, ya ce kada ya taɓa komai sai bayan wata guda. Muna dawowa gida ya kwance tsumman ya ɗauki jita. Na fizge ta na kulle a ɗakina, ya koma kan katakonsa. Da na ga haka na buɗe na miƙa masa, don tsirkiyar jitar ta fi wayar katakon taushi. Yana yi yana cije leɓe, ni kuma ina gaban murhu ina jin kowane kuskure a ƙirjina. Da na yi magana tun ranar gidan bikin nan, da shekara biyu gare shi, ba kwana goma sha bakwai ba.

Ranar gwajin na bi su, na ce ko jaka na riƙe musu. Ƙarfe huɗu na yamma ne, kulob ɗin ba kowa, kujeru a kife a kan tebura, wani yana wanke daɓe. Manajan, wani mai tumbi da sigari a baki, ya ja kujera guda ya zauna. Ni na raɓe a bakin ƙofar kicin.

Ta ɗaya ta wuce lafiya. Ta biyu ma haka, har manajan yana kaɗa ƙafa. Suka shiga ta uku da gudunta na gaskiya. Mainasara ya rera nasa ya ja baya, jitar ta tafi ita kaɗai, kuma wallahi ya hau, da yatsu huɗu ya hau, na ji har tsigar jikina ta tashi. Yana kaiwa inda take yin kamar za ta faɗo sai na ga ƙananan yatsun biyu sun dunƙule cikin tafin hannunsa. Ya yarfa hannun, ba su buɗe ba. Ya sake yarfawa.

Bai tsaya ba. Ya koma kan biyun da ya sani, yana zamewa irin ta Baba, a tsohon gudun rumfata. Dogo ya dube shi, ya sassauta ganga ya bi shi. Mainasara ma ya bi. Hadi ya ɗage hannunsa daga kan ogan ya sunkuyar da kai. Su uku suka kai ta har ƙarshe a hankali, da nauyi, yadda suka san ta. Ni dai a kunnena ba su taɓa kaɗa ta da kyau kamar ranar ba, ina tsaye ina sharar hawaye da mayafi.

Manajan ya cire sigarin daga bakinsa.

"Wannan ta zaman makoki ce? Mutane rawa suke zuwa yi a nan." Ya nuna Dogo da Mainasara da Hadi. "Ku uku ba laifi. Ku samo wani mai jita ku dawo ranar Asabar."

Dogo ya ce shi ba zai dawo ba, har da rantsuwa. Jibrin ne ya bi shi har maƙera ya ce in bai koma ba, to ba shi ba shi har abada. Suka koma da na Mayo. Aka ɗauke su.

Likita ya ce jijiya ce ta lalace, da an huta da wuri da ta warke. Yatsun biyu ba su sake miƙewa ba, kuma sauran hannun ma ya rasa ƙarfi, ko kofin shayi sai ya tallafa da dama. A gareji suka cire shi daga naɗin waya suka mayar da shi ɗakin ajiya yana miƙa kaya. Jitar ya rataye ta a ginshiƙi kusa da gurmin Baba. Litinin da Alhamis gidan ya yi tsit, har Hajja Bakhita ta leƙo ta katanga tana tambaya ko lafiya. Na ce mata ta je ta ji da gidanta.

Wata Alhamis bayan la'asar, wajen wata huɗu da yin abin, ina zuba kisra ya fito ya zauna a kan angarib.

"Yaya, ara mini rakodarki."

Na ɗauko na ba shi. Ya ɗauko kaset ɗinsa, ya juya da biro har ta uku, ya saka ya kunna. Ta fito tana jan ƙafarta kamar da. Ya saurara ido a rufe, yatsu biyun suna tafiya a kan gwiwarsa, ba su kuskure ko wuri ɗaya ba. Da ta ƙare ya kashe.

"Abin da ke ba ni mamaki," ya ce, "shekara biyar, a ce ba wanda ya taɓa jin ta a wani wuri. Ke da kike shiga gidajen manya, Yaya, ba ki taɓa cin karo da ita ba?"

Kisrar tana kan wuta, gefenta ya fara ɗagowa. Na ce, "Ban taɓa ba."

"Na sani," in ji shi. "Ai da kin ji da kin gaya mini."

Ya ciro kaset ɗin, ya zura biron ya fara juya shi baya da hannun dama. Ni kuma na bar kisrar har ta ƙone, na kankare ta na zuba wata.